Ƙarin ya yi haske a MRI amma bai ragu ba: yadda ake bin sawun maganin nanozayim da hoto

"Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin harhaɗa magunguna, aikina kuma a kan ƙwayoyin manganis dayoksaid (MnO2) ne da muke gwadawa a jikin ɓeraye masu ciwon daji. A kwalba suna aiki sosai, ruwan gwaji na TMB nan take yake komawa shuɗi. Mun yi allurar ta jijiyar wutsiya, muka ɗauki MRI, ƙarin ya yi haske ƙal, amma bayan mako biyu girmansa ɗaya da na ɓerayen da ba a ba komai ba. Hoton ne ya yaudare mu, ko maganin ne ba ya aiki? Wane hoto ya kamata mu ɗauka?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Hoton bai yi ƙarya ba, an dai ɗora masa maganar da bai faɗa ba. Hasken da kika gani shaida ce cewa manganis ya isa ƙarin kuma ya narke a can. Bai ce ya isa da yawa ba, bai ce ya sauya yanayin cikin ƙarin ba, balle ya ce ƙwayoyin dajin sun mutu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tambayoyi uku ne a nan, kowace da ma'auninta, kuma abin da ya fi ba da wahala shi ne sau da yawa nanozayim ɗin da kansa yake ɓata ma'aunin da aka ɗauko don a auna shi.

Ga wanda bai saba da fannin ba, enzayim furotin ne da ke gaggauta haɗuwar sinadarai a jiki ba tare da shi ya ƙare ba. Nanozayim kuma ƙanƙanuwar ƙwaya ce ta ƙarfe, zinare, manganis ko siriyam da ke kwaikwayon wannan aiki. Sunan ya fara fitowa a 2004 daga masu bincike na Jami'ar Padova a Italiya, amma ƙofar ta buɗe ne a 2007, lokacin da Gao Lizeng da Yan Xiyun a Beijin suka nuna cewa ƙwayoyin oksaid ɗin ƙarfe (Fe3O4) suna farfasa haidirojin feroksaid (H2O2) kamar yadda enzayim ɗin feroksides ke yi. Dabarar maganin daji ta ginu a kan haka: a mai da H2O2 da ke cikin ƙari ya zama •OH mai ƙona ƙwayar halitta, ko a mai da shi oksijin, ko a cinye gulutatayon, wato GSH, wanda ƙwayar ke kare kanta da shi.

Abin da hasken MRI ɗin yake nufi

MnO2 a dunƙule ba ya taɓa siginar T1 sosai (T1 shi ne lokacin da ruwan nama ke ɗauka kafin ya daidaita bayan MRI ya girgiza shi), domin ruwa kaɗan ne ke kaiwa ga manganis ɗin. Sai ya haɗu da GSH, ko da H2O2 a wuri mai tsami, ya narke ya zama Mn2+, sannan T1 ya gajarta, wurin ya yi haske. To lura da abin da wannan ke nufi: hasken alama ce ta cewa ƙwayar ta riga ta narke. Enzayim na gaskiya ba ya ƙarewa, naki kuwa yana ƙarewa, kowane MnO2 ɗaya yana cinye GSH biyu ne ya tafi. Saboda haka lissafi ne zai raba gardama, kuma lissafin ba shi da wuya.

A ɗauka kin ba da miligiram 5 na manganis a kowane kilo, ɓeran kuma giram 20 ne. Maikirogiram 100 ke nan, kusan maikiromol 1.8. A 2016 ƙungiyar Warren Chan a Toronto ta tattara binciken shekaru goma ta gano cewa matsakaicin abin da ke isa ƙari kashi 0.7 ne cikin 100 na abin da aka yi allura. Idan naki ya bi wannan, nanomol 13 ne suka isa. A ƙari mai girman milimita kubik 200, wannan ya kai maikiromola 60 da ɗoriya, wato maikiromol 60 da ɗoriya a kowace lita. Ga MRI wannan da yawa ne: idan T1 na ƙarin daƙiƙa 2 ne, kuma ƙarfin Mn2+ wajen gajarta shi ya kai 5 a ma'aunin da aka saba, T1 zai sauka zuwa kusan daƙiƙa 1.2, ido ma zai gani. Amma ta ɓangaren GSH fa? Nanomol 13 za su cinye nanomol 26. GSH a cikin ƙwayar halitta yana tsakanin milimola 1 zuwa 10. Ko a ce 2 ne kawai, ƙarin yana ɗauke da kusan nanomol 400. Kin taɓa kashi 6 ko 7 cikin 100, kuma ƙwayoyin ƙarin za su mayar da gurbinsa cikin 'yan sa'o'i. Adadin da ya ishi MRI ya yi haske bai ishi ƙari ya ji a jikinsa ba. Ki sa naki alƙaluman a wannan lissafin, ina kyautata zaton a nan rabin amsarki take.

Sauran rabin yana wurin TMB, rinin gwajin da ke komawa shuɗi idan •OH ya taɓa shi. MnO2 yana mai da TMB shuɗi shi kaɗai, ko babu H2O2, don haka shuɗin ba hujjar •OH ba ne. Bugu da ƙari, ana yin gwajin ne a ruwan asitet mai pH 4 da H2O2 na milimola da dama, alhali wajen ƙwayoyin ƙari pH yana tsakanin 6.5 zuwa 6.9, kuma H2O2 ɗin da takardu ke yawan ambata bai wuce maikiromola 100 ba. Ki sake gwajin a pH 6.5 da 7.4, da H2O2 maikiromola 50 zuwa 100, da baikabonet milimola 25 kamar na jini, domin Mn2+ ba ya fitar da •OH yadda ya kamata sai da baikabonet. Ki tabbatar da •OH da na'urar ESR da tarkon DMPO, wanda ke ba da layuka huɗu masu tsayin 1:2:2:1. Wani abu kuma da ake yawan mantawa: aikin samar da oksijin da aikin samar da •OH duk H2O2 ɗaya suke ci. Ƙwayar da ta ƙware a na farko tana ƙwace abincin na biyu.

Ina ya je, kuma nawa ne?

MRI ba shi ne gwanin wannan tambaya ba. Ƙarfin hasken bai tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan manganis: idan Mn2+ ya manne da furotin ƙarfinsa yana ƙaruwa, idan ya taru da yawa kuma yana gajarta T2, ɗaya ma'aunin lokacin na MRI, har wurin ya koma duhu. Sannan da zarar ya narke yana shiga ƙwayoyi ta ƙofofin kalsiyam, yana bin jini zuwa hanta, ƙoda da zuciya. In dai MRI za ki riƙe, ki daina auna hasken hoto da ido ko da matsakaicin siginar. Ki yi taswirar T1 kafin allura da bayanta, ki ba da rahoton bambancin 1/T1, ki kuma ajiye ƙaramar kwalba mai sanannen adadin gishirin manganis (MnCl2) kusa da ɓeran a kowane ɗauka.

Mai ƙidaya na gaskiya shi ne PET, hoton da ke bin sinadari mai fitar da radiyeshan da aka liƙa wa ƙwayar, domin yana gane adadi ɗan mitsitsi kuma zurfi ba ya hana shi. Zaɓen sinadarin da za a liƙa ya dogara da tsawon zaman ƙwayar a jini. Fulorin-18 yana raguwa da rabi cikin minti 110, galiyam-68 cikin minti 68, duk sun yi gajarta ga ƙwayar da ke taruwa a ƙari cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Jan ƙarfe-64 yana ɗaukar sa'a 12.7, ya dace da bibiyar kwana biyu. Zakoniyam-89 sa'a 78.4, ya kai mako. Inda ake faɗawa rami shi ne PET sinadarin yake gani, ba ƙwayar ba. Idan jan ƙarfe ya kuɓuce daga DOTA, sinadarin da ke ɗaure shi a jikin ƙwayar, sai ya tafi hanta, abin da ya sa NOTA ya fi riƙe shi. Idan zakoniyam ya kuɓuce daga DFO sai ya kwanta a ƙashi. Duk lokacin da kika ga gwiwoyi da ƙashin bayan ɓera suna haske, to laƙanin ya saki. Kafin a taɓa dabba ana jiƙa ƙwayar a ruwan jini mai zafin digiri 37 na sa'a 24 zuwa 48 a auna abin da ya saki.

Ga aikinki akwai dabarar da ta fi waɗannan: manganis-52, mai raguwa da rabi cikin kwana 5.6, a gauraya shi tun wajen haɗa MnO2 ɗin. PET zai ƙidaya dukkan manganis, narkakke da dunƙulalle, MRI kuma zai nuna narkakken. Gwama su biyun shi zai faɗa miki kashi nawa ne ya fara aiki. Ki dai tuna ƙaramin PET na dabbobi ba ya rarrabe abin da ya gaza milimita 1 zuwa 1.5, saboda haka ƙarin da faɗinsa bai kai milimita 5 ba zai nuna adadi ƙasa da gaskiya.

Wannan tambaya ta "nawa" ba ta ɓeraye ce kawai ba. Zubar ƙwayoyi ta tsagogin jijiyoyin ƙari, wanda Matsumura da Maeda suka bayyana a 1986, ya sha bamban daga mutum zuwa mutum. A 2017 an bi wani maganin sankarar mama mai laƙanin jan ƙarfe-64 a jikin marasa lafiya, aka tarar da bambancin ninki 35 tsakanin ƙarin da ya fi sha da wanda ya fi ƙarancin sha. A shekarar kuma an nuna cewa MRI da ferumoxytol, wasu ƙwayoyin ƙarfe da ake yin allurarsu, kafin magani yana iya nuna ƙarin da zai fi amsa maganin irinotecan na cikin ƙunshin kitse.

Ya sauya wani abu a cikin ƙarin?

A nan aikin ya fi tsauri. •OH ba ya wuce kusan nanodaƙiƙa ɗaya a raye, ba ya tafiyar da ta wuce 'yan nanomita, don haka babu na'urar da ke ɗaukar hotonsa kai tsaye a jikin dabba. Sawunsa ake bi.

Mafi sauƙin bi shi ne oksijin. Hoton haske-da-sauti yana harba leza, jini ya sha hasken ya ɗan kumbura ya fitar da sauti. Da yake jini mai oksijin da marar shi suna shan haske daban a nanomita 750 da 850, ana lissafa cikar oksijin daga nan, zuwa zurfin 'yan santimita. Matsalar ita ce ƙwayoyin naki su ma suna shan haske. MnO2 launin ruwan ƙasa gare shi, wani nanozayim mai suna Prussian blue kuwa yana shan haske sosai a kusa da nanomita 700, sai na'urar ta ƙirga su a matsayin jini. Maganinta a fara auna yadda ƙwayar ke shan haske ita kaɗai, a ɗauki hoto a tsayin haske biyar ko fiye, a ware rabonta. Haka abin yake a MRI: hanyar BOLD mai bin oksijin ɗin jini ta dogara da T2*, wani nau'in T2, ƙwayoyin ƙarfe suna dulmiyar da ita, hanyar auna oksijin ta T1 kuma Mn2+ ɗinki zai rufe ta ruf. Kada ki yi amfani da T1 ɗaya ki ce yana nuna narkewar magani kuma yana nuna ƙaruwar oksijin.

PET da FMISO, sinadari mai nuna wuraren ƙarancin oksijin, ba ya fama da wannan cikas. Yana maƙalewa a ƙwayoyin da oksijin ɗinsu ya gaza milimita 10 na makyuri, ana ɗaukar hoto sa'a 2 zuwa 4 bayan allura. Amma yana da nasa tarkon guda biyu. Rayayyar ƙwaya ce kawai ke riƙe shi, don haka raguwarsa na iya nufin oksijin ya ƙaru ko kuma wurin ya mutu. Sannan yana tara labarin sa'o'i ne, alhali oksijin ɗin da MnO2 ke samarwa ɗan taƙi ne: maikiromola 100 na H2O2 ba za su ba da fiye da 50 zuwa 100 na oksijin ba, ƙwayoyin ƙarin kuma su shanye shi cikin daƙiƙu zuwa mintuna. Af, oksijin shi kaɗai ba ya kashe ƙari. Amfaninsa shi ne ƙwaya mai oksijin ta fi marar shi jin gashin radiyeshan da ninki 2.5 zuwa 3. Idan ba ku haɗa da gashi ko maganin haske a daidai wannan ɗan lokacin ba, rashin raguwar ƙarin ba abin mamaki ba ne.

Tsami ana auna shi da hanyar CEST a MRI da rinin hoto mai suna iopamidol, a gwama sigina biyu da ke kusa da 4.2 da 5.5 ppm. Yana da amfani idan an haɗa gulukos oksides, wanda ke mai da sukari ya zama asid da H2O2. Sai dai duk wani abu mai gajarta T1 ko T2, ƙarfe ne ko manganis, yana raunana CEST, shi ya sa ake yin sa kafin allura da kuma bayan manganis ya fice. Ta ɓangaren GSH, sinadarin PET na FSPG mai fulorin-18 yana shiga ta ƙofar xCT da ƙwaya ke shigo da sistin don ƙera GSH, saboda haka yana nuna yadda ƙarin ke fafutukar kare kansa. Rinin DCFH-DA mai nuna sinadarai irin su •OH da kusan kowa ke sawa a takarda kuwa, ni ban cika ba shi muhimmanci ba: ba ya rarrabe nau'in sinadarin da ya taɓa shi, ƙarafa da hasken na'urar maikiroskof kansu suna kunna shi.

Ƙwayoyin sun mutu?

Girma shi ne na ƙarshen motsawa. Ƙa'idar RECIST ta 2009, wadda likitoci ke auna amsar ƙari ga magani da ita, tana jiran raguwar kashi 30 cikin 100, ga ɓera kuma ana auna tsawo da faɗi da ma'aunin hannu, wanda ke ƙirga kumburi da mataccen nama a matsayin ƙari. Ƙarin da tsakiyarsa ta ruɓe na iya zama da girmansa har mako biyu. Don haka ina ba da shawarar MRI mai auna yawon ruwa, wato DWI: idan bangon ƙwayoyi ya fashe ruwa yana samun sarari, lambar ADC, ma'aunin wannan yawo, ta tashi cikin 'yan kwanaki. A kwana ɗaya ko biyu na farko tana iya sauka saboda kumburin ƙwayoyi, kada wannan ya rikita ki.

FDG, sukari mai fulorin-18 da ake bi da PET, shi ne aka fi samu, ƙa'idar PERCIST kuma tana ɗaukar raguwar kashi 30 a matsayin amsa magani. Amma ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zuwa share wurin suna shan FDG sosai, kuma ƙwayoyin ƙarfe suna zuga su: binciken ƙungiyar Heike Daldrup-Link a Stanford a 2016 ya nuna ferumoxytol yana juya makurofej, wato ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye datti, su koma masu yaƙar ƙari. FDG na iya tashi a makon farko alhali magani na ci. Idan akwai gulukos oksides lamarin ya ƙara rikicewa, domin sukari da FDG ƙofa ɗaya suke bi. Sukari ya ragu, FDG ya samu hanya. A auna sukarin jini a kowane ɗauka, a daidaita tsawon hana abinci, a riƙe minti 60 tsakanin allura da hoto. FLT, mai bin rarrabuwar ƙwayoyi, kumburi bai cika ruɗa shi kamar FDG ba.

Ki kuma san irin mutuwar da kike nema. Yawancin nanozayim masu ƙarewar GSH da ƙona kitsen bangon ƙwaya suna kashewa ne ta hanyar da Dixon da Stockwell suka raɗa wa suna ferroptosis a 2012, wadda ba ta bi ta kaspes, enzayim ɗin da ke aiwatar da irin mutuwar ƙwaya da aka fi sani. Sinadaran hoto masu neman kaspes-3, irin su ICMT-11, za su ce babu abin da ya faru.

Tsarin da zan ba ki shawara

Rukuni huɗu aƙalla: ruwan gishiri kawai, ƙwaya mai girma da rufi iri ɗaya amma marar aikin enzayim, MnCl2 mai adadin manganis daidai da naki, sai nanozayim ɗin. Rukuni na uku shi ne mai tona asiri, domin idan shi ma ya haskaka ƙarin, to hasken na manganis ne kawai, ba na dabarar ƙwayar ba. Idan hali ya yi a ƙara na biyar, nanozayim tare da liproxstatin-1, mai hana ferroptosis. In amfanin ya ɓace, hanyar mutuwar ta tabbata. A ɗauki hoton kowane ɓera kafin allura, shi zai zama ma'aunin kansa, sannan a sa'a 1, 4, 24 da 48 don rarraba da narkewa, sai kwana 3, 7 da 14 don DWI da PET.

Maganin sa barci yana ɓata sakamako fiye da yadda ake zato. Isoflurane da aka gauraya da tsantsar oksijin yana ɗaga oksijin ɗin ƙari shi kaɗai, don haka a yi amfani da iska ta yau da kullum, kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100, iri ɗaya ga kowane rukuni. Ɓera yana yin sanyi cikin mintuna a cikin na'ura, jini ya janye daga fata inda ƙarin yake; a riƙe zafinsa kusa da digiri 37. Allurar wutsiya kuma takan zube a gefen jijiya, a duba wutsiyar a PET a cire abin da ya maƙale daga lissafi.

A ƙarshen kowane zango a yanka 'yan ɓeraye a gwada hoton da nama. Na'urar ICP-MS mai ƙidaya ƙarafa a nama za ta ba da ainihin manganis a ƙari, hanta da saifa. Ga masu aiki da ƙarfe wannan ya fi wuya saboda jiki cike yake da nasa. Pimonidazole miligiram 60 a kowane kilo, sa'a ɗaya kafin yanka, zai nuna wuraren ƙarancin oksijin. Rinin 4-HNE zai nuna ƙonewar kitse. GSH kuma a auna shi a naman da aka daskarar nan take, domin yana lalacewa da sauri.

Iyakar abin ita ce har yau babu nanozayim da aka amince da shi a matsayin maganin daji saboda aikinsa na enzayim. Ferumoxytol an amince da shi a Amurka a 2009 don ƙarancin jini ne, a 2015 kuma aka ƙara masa gargaɗi mai tsanani kan mummunar rashin jituwa da jiki. NanoTherm, ƙwayoyin ƙarfe da aka yi ta zubawa cikin ƙarin ƙwaƙwalwa a Turai, da zafi yake aiki, kuma ya nuna irin matsalar da muke magana: ƙarfen yana lalata hoton MRI na wurin, dole a koma CT da PET don bibiya. Manganis shi ma idan ya yi yawa yana taruwa a ƙwaƙwalwa ya kawo rawar jiki mai kama da ta Parkinson, saboda haka ƙara yawan allura ba mafita ba ce kai tsaye. Tun da ɓerayenki suna shiga MRI, ki faɗaɗa hoton ya haɗa da kai, ki yi taswirar T1 ta ƙwaƙwalwa a rana ta 14.